Gawar Ɗana a Wayoyin Mutane

Ɗana na fari ruwan kanal ne ya ci shi. Ya isa aure a lokacin, har mun fara maganar da 'yan uwa. Rani ne, tumatir ya fara ja, kuma ranar tamu ce ta ban ruwa. Ruwan da ke sauka a ƙaramin kanal na gonakinmu ya yi rauni, sai ya ce bari ya hau sama ya duba bakin ƙofar ruwa, ko ciyawa ce ta toshe. Ya ɗauki lauje ya tafi.

Babban kanal da siminti aka yi shi. Gefensa a zame yake kamar cikin kwano, gansakuka ta lulluɓe shi. Wanda ƙafarsa ta goce ba shi da abin kamawa. Yaron ya iya ruwa, amma iya ruwa ba ya amfani a wurin nan.

Mun neme shi har muka gaji. Sai da aka roƙi ma'aikatan ruwa suka rage shi daga sama, sannan aka gan shi can ƙasa, wajen wata gada ta hanyar Bunkure, ya maƙale a ƙarafunan da ke tare shara. Ya daɗe a ruwa. Ba zan faɗi yadda ya koma ba. Na shiga da wasu maza muka ɗago shi, muka kwantar a kan ciyawa. Jama'a sun cika bakin gadar. Na tuɓe rigata na rufe masa fuska da ƙirji. Tsakanin fito da shi da rufewar ba a daɗe ba.

Ba mu shiga da shi cikin gida ba. Liman ya ce a kwarara masa ruwa kawai a zaure, kada a cuɗa jikin. Aka yi haka, aka sallace shi, aka kai shi. Da na dawo daga maƙabarta na shiga ɗakin uwarsa. Tana zaune a tabarma, ta juya wa ƙofa baya.

Ta ce, "Malam, yaya ka same shi?"

Na ce, "Kamar mai barci."

Na ƙudura a raina da wannan maganar za ta zauna har ta mutu.

A shekarun nan ne waya ta cika ƙasarmu, 'yan China masu ƙara kamar rediyo, masu ɗaukar hoto. Ni ma ina da ɗaya. Na saye ta ne don in riƙa jin farashin tumatir daga bakin direbobi kafin dillalai su yi min wayo. Ban yi boko ba. Na san koren maɓalli na san ja, shi ke nan. A cikinta akwai ɗan memori da aka zuba min karatun Alƙur'ani. Bayan rasuwar, duk ranar da zan yini a gona sai in bar wa uwarsa wayar, don kada gidan ya yi mata shiru. Ƙanwarta ta nuna mata inda za ta danna karatu ya tashi.

Da aka watse daga zaman makoki na je kasuwar Bunkure neman maganin feshi, don tsutsa ta shiga tumatir. Na zauna a bencin mai shayi. Gefena wasu mutane sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna ta surutu. Mai wayar wani mai albasa ne, ban san shi ba. Ya ɗago ya gan ni.

"Baba, matso ka ga ikon Allah."

Na ce, "Mene ne?"

"Wani ɓarawon ruwa ne. Ya je buɗe ƙofa ba ranarsu ba, kanal ya yanke masa hukunci."

Na kusa da shi ya ce, "Kai dai ba ka san komai ba sai albasa. Aljanun ruwa ne suka ja shi. Ba ka ga yadda ya koma ba?"

Wani daga baya ya ce, "Ko ma dai wane ne, wannan ya sha rabonsa ya sha na maƙwabta."

Aka kwashe da dariya. Mai albasa ya miƙo min wayar har gaban hancina. Na ga gadar. Na ga ƙarafunan. Na ga ana jan ƙafafu zuwa kan ciyawa, sannan mai ɗaukar ya matso da wayar dab da fuskar ya tsaya a kai. Daga nan bayan wani mutum ya shigo, yana cire riga.

Mai albasa ya ce, "Dubi tsohon nan, don Allah. Ko ɗigon hawaye babu. Zuciya kamar dutse."

Na ce, "Tsohon ni ne."

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Wanda ya yi maganar rabon maƙwabta ya sulale ya bar shayinsa.

"Wallahi, Baba, ban sani ba. Wallahi tallahi."

Na ce, "Ranar tamu ce ta ruwa. Ba sata ya je ba. Goge."

Ya goge, ya nuna min wurin babu komai. Na tambaye shi inda ya samu. Ya ce turo masa aka yi. Na ce wa? Ya ce wani ɗan acaɓa da ke tsayawa a bakin tasha. Na bar maganin feshin na nufi tasha.

A nan aka fahimtar da ni abin da ake kira bulutut. Waya biyu za a kusanta, a danna, abin da ke cikin wannan ya shiga waccan, ba kati ba komai. Na ji bayanin, amma da kan manomin rani na ji shi. Mu idan ruwa ya ɓalle ya shiga inda ba a so, ba ma bin sa fangali fangali muna kwashewa. Sama ake hawa a nemo inda ya fashe a toshe, na ƙasa ya ƙafe da kansa. Na ɗauka wannan ma haka yake. Na ce idan na kai ga wayar da ta ɗauka, magana ta ƙare.

Sai na fara hawa sama. Ɗan acaɓa ya ce wani lebura mai loda kwanduna ne ya ba shi. Leburan yana Kadawa. Na je Kadawa. Shi kuma ya tura ni wajen wani mai faci a Kura. Duk wanda na samu sai in tsaya a kansa har ya goge, sannan in tambayi na gaba. Yawancinsu sun ji kunya. Wasu sun yi min ta'aziyya, wani har ya riƙe hannuna yana kuka, alhali da safe ya gama nuna wa abokansa.

Mai facin ne ya tsaya min. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ko tashi bai yi ba.

"Baba, ka yi haƙuri, amma wayata ce. Kuma ni ba don dariya na ajiye ba. Wa'azi ne. Mutum ya ga ƙarshensa ya ji tsoron Allah."

Na ce, "Mahaifinka na da rai?"

"Yana nan."

"To ranar da ya cika ka aiko min. Zan zo da mai hoto kafin a rufe shi, mu yi wa jama'a wa'azi."

Ya kalle ni, ya kalli masu jiran faci. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Goge mana, ɗan nan, kai ba ka da ta ido?" Ya goge yana gunaguni. Ban sani ba ko yana da wani a ajiye.

Ina wannan yawon, gona tana lalacewa. Tsutsa ta gama da gefe ɗaya, ranar ruwanmu ta zo ta wuce ban je ba, tumatir ya tsattsage a jikin reshe. Maƙwabcina na gona ya ce in bar abin nan haka, wanda ya tafi ya tafi. Na ce ba don wanda ya tafi nake yi ba. Akwai mace a gidana da na ce wa kamar mai barci. Idan abin nan ya ci gaba da yawo, wata rana zai shiga hannun wata mai zuwa barka ko biki, ta miƙa wa matata kamar yadda aka miƙa min.

Na yi wani abu kuma da ya ƙara ɓata lamarin. Na roƙi mai unguwa ya yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, duk mai abin nan a wayarsa ya goge don girman Allah. Ya yi, da kyakkyawar niyya. Waɗanda ba su taɓa jin labarin ba ranar suka ji. Kafin la'asar samari suna bin juna suna tambaya wa ke da shi.

A ƙarshe na kai sama. Ba bin wayoyi ne ya kai ni ba, wani da ke bakin gadar ranar ne ya faɗa min wanda ya ɗauki hoton. Wani dillalin tumatir ne na kasuwar bakin titi. Na san shi shekara da shekaru. Mun ci abinci a kwano ɗaya. Yana cikin sahun da ya sallaci yaron. Na same shi a rumfarsa, kwanduna jibge a bayansa. Da ya hango ni ya san abin da ya kawo ni.

"Malam, shaiɗan ne. Kowa ya taru, wayar na hannuna, ban san sanda na danna ba."

"Ka san sanda ka matso da ita kan fuskarsa?"

Ya laluba aljihu ya ciro wayar.

Na ce, "Ba ni."

Ya miƙo. Akwai kanal a bayan rumfunan. Na taka na jefa ta ciki. Bai hana ni ba. Da na dawo zan wuce sai ya ce, "Malam, tsaya. Ni na goge nawa tun ranar da na ji kana yawo. Babu komai a waccan da ka jefa."

Na tsaya.

"Abin nan ba ya komawa baya. Wanda ka tura wa, nasa ya zama nasa, ko ka ƙone taka. Direbobin da ke kai kaya kudu sun tafi da shi. Ko ka tara duk wayoyin Kura ka zuba a kanal, yana can."

Na ce, "Kai mutum nawa ka ba?"

"Ɗaya tak, na rantse. Mai cajin garinku."

Garinmu ba wutar lantarki. Kowa wajen mai caji yake kai waya. Magidanci ne, yana da rumfar langa-langa a bakin hanya, da ƙaramin janareto, da allon katako da ya jera wa soket. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Yadda ake yi, ka miƙa wayarka yadda take, ya manna mata 'yar takarda mai lamba, ya ba ka irinta, ka tafi harkarka. Ba wanda ya taɓa tunanin abin da ake yi da ita bayan ya juya baya. Ni ma ban taɓa ba.

Na same shi da hantsi, janareto na ta ƙara. Na faɗa masa abin da dillali ya ce. Bai musa ba. Ya juyo da kwamfutar ya nuna min wani ɗan hoto ƙarami, ya danna, ya ɓace.

"Shi ke nan, Baba, na cire. Ka yafe ni. Ban san ɗanka ba ne sai daga baya."

"Wa ka ba?"

Ya share gumi da gefen riga. "Ba bayarwa nake ba. Gyara nake yi."

"Wane irin gyara?"

"Irin na kasuwa. Ka sayi gero a ƙara maka ɗan tafi. To ni duk wanda ya kawo caji, idan akwai memori a ciki, sai in zuba masa sabon abin da ya shigo. Waƙa ce, wasan dariya ne, ko wani abin mamaki. Mutane na so. Shi ya sa suke zuwa wajena ba sa zuwa wajen na tsallake."

"Ba tare da sun tambaya ba?"

"Ai gyara ba a tambaya, Baba."

Ya faɗi haka, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi aljihuna.

"Baba, taka wayar, wa ya kawo ta caji kwanakin makoki?"

Na ce ban sani ba. Baƙi sun cika gida, wani ya tattara wayoyi ya kawo gaba ɗaya.

"Kawo in gani."

Na ciro na ba shi. Ya danna nan ya danna can, ya tsaya. Ya juyo min da ita. Gadar ce. Duk yawon da na yi, Bunkure da Kadawa da Kura, ina tsayawa a kan mutane ina cewa su goge, abin yana aljihun gaban rigata. Akwai rubutun boko a ƙasansa. Na ce ya karanta min. Ya ƙi. Na ce karanta. Ya ce an rubuta ɓarawon ruwa.

Ban taɓa shi ba. Na ce ya goge, ya goge. Na ce ya sake dubawa ko akwai wani a ɓoye, ya duba ya ce babu. Daga nan, don ya samu abin yi da hannunsa, ya buɗe bayan wayar ya nuna min yadda ake zare memori da farce. Ya ce duk sanda zan ba da caji in cire shi in riƙe. Ya nuna min inda ake kashe bulutut. Ya ce akwai lambar kullewa da zan iya sa wa, wadda ba wanda zai sani sai ni. Na koya. Tun ranar ban sake miƙa wa kowa waya da memori a ciki ba, kuma duk wanda zai saurare ni ina faɗa masa.

Na koma gida da sauƙi a ƙirjina, karon farko tun rasuwar. Na ce Allah Ya rufa asiri. Matar nan wuri ɗaya aka nuna mata, nan take dannawa. An cire abin kafin hannunta ya kai.

Washegari na bar mata wayar na tafi gona in ga abin da zan iya ceta. Na dawo da azahar. Ba hayaƙi a madafa. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, wayar a kan cinyarta, ba karatu.

"Malam, wa ya taɓa wayar nan?"

Na ce, "Caji na kai."

"Ina yaron?"

Na tsaya da fartanya a kafaɗa. Na ce, "Wane yaro?"

"Kada ka yi min haka. Yana ƙasan karatu, idan aka danna sau biyu. Yau na duba babu."

Na ajiye fartanyar na zauna a kan turmi. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun matan zaman makoki ba su watse ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kai me ya sa ka ce min kamar mai barci?"

Kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa a tsakaninmu, ba wanda ya kore ta.

Ta ce, "Duk ranar da ka bar min ita sai na kalla."

Na ce, "Wannan ba abin kallo ba ne. Ba fuskarsa ba ce. Ruwa ya ɓata ta."

"Na sani. Amma kunnen nasa ne. Da tabon nan na haɓa, na sanda ya faɗo daga kan jaki."

Ta juya wayar a hannunta. Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi min sauƙi.

"Ɗan fari ne, Malam. Tun da aka yaye shi ɗakin mahaifiyarka aka kai shi. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ya shigo gaishe ni, in sunkuyar da kai in amsa a gajarce, kada a ce ba ni da kunya. Ya yi zazzaɓi, sai dai in tambayi wata yaya ya kwana. Ina jira ya yi aure ya haihu, in ɗauki ɗansa in kalla son raina, in ga shi a ciki. Ko hoto bai taɓa ɗauka ba. A wayar nan ne kaɗai na kalle shi ba wanda ke kallona."

Na ce, "Da sunan ɓarawo suka sa shi."

"Ni ban iya karatu ba. Ɗana na gani. Na ga kuma ka rufe shi da rigarka. Wannan ma ba ka faɗa min ba."

Can ta ce, "Nemo min."

Na san ba wuya. In fita bakin hanya in tsayar da saurayin farko da na gani, kafin ruwa ya tafasa an turo min. Sai dai in kusanta wayata da tasa, in buɗe baki in ce turo min gawar ɗana. In zama ɗaya daga cikinsu. Gobe kuma ya ce ai uban ma ya karɓa, wa zai hana mu?

Na ce, "Ba zan iya ba."

"Duk gari sun gani. Masu dariya sun gani. Ni ce za a hana?"

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ta dube ni, irin duban da ba ta saba yi min ba, kai tsaye. Sannan ta miƙo min wayar da hannu biyu, ta tashi ta shiga madafa ta hura wuta. Tuwon ranar bai nuna sosai ba. Na ci.

Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban nemo ba. Bayan shekaru wani direba ya ce min ya ga abin a wata tasha can kudu, an ce wai wani ne 'yan fashi suka jefa a kogi. Ban ce masa ya goge ba. Na gaji da faɗar kalmar. Yaron yana nan yana yawo a aljihun mutanen da ba su san shi ba, kowa da labarin da ya ga dama ya liƙa masa. A cikin duk waɗanda na tashi hanawa, uwarsa kaɗai na iya hanawa.